Tsohuwar da ta ce daga wata take

Shekarun baya can, tun Misfala, unguwarmu a Makka, ba ta san dogon bene ba, ina saurayi ina sana'ar garuwa. In ɗebo ruwa a bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, in rataya garwa biyu a sanda in bi gidaje. Karatuna bai wuce na firamare ba, shi ma da ƙyar. Amma Allah ya yi ni da wani ciwo da ban ga wanda ya kai ni ba, shi ne yawan tunani. Ni ne mutumin da zai juye ruwa a gida, ya yi nisa, ya dawo ya yi sallama don ya tambaya ko garwar ta cika da gaske, kada ya ci haƙƙin mutane. Alwala kuwa in na fara, mahaifiyata takan ce a ɗora tukunya, kafin in gama ta nuna.

Mu biyu ne a ɗakinmu, ni da ita. Ita a ƙasa ta zo daga ƙasar Kano, ta ratso Sudan, ni kuma a Makka aka haife ni. Soyayyar gyaɗa take sayarwa a bakin hanyar Harami.

Wata shekara, ba a daɗe da saukowa daga Mina ba, na dawo da la'asar na tarar da baƙuwa kwance a tabarmata. Tsohuwa ce 'yar firit, baƙa kamar mu, an lulluɓe ta da mayafi ja da fari irin wanda ban taɓa gani ba.

Na ce, "Inna, wace ce wannan?"

"Baiwar Allah ce. A gindin bango na tsince ta kusa da faifaina, jikinta kamar garwashi."

"Mutanenta fa?"

"Da na san mutanenta zan kwantar da ita a tabarmarka?"

Nan take kaina ya fara aikinsa. In ta mutu a hannunmu fa? Wa za mu ce wa hukuma? In aka ce sato ta muka yi? Na fara jero su ɗaya bayan ɗaya, Inna ta katse ni. Ta ce, "Kai dai ba ka rasa abin tsoro. Je ka samo mini tsamiya."

Da kunu da jiƙon tsamiya da ikon Allah zazzaɓin ya sauka. Tsohuwa ta tashi zaune, ta nemi ruwa da hannu, ta yi alwala, ta yi salla tsaf. Fatiharta ta fi tawa fita. Amma da ta buɗe baki za ta yi mana magana, ko kalma ɗaya ba mu kama ba. Inna ta gwada Hausa, ta gwada Larabci, ba amsa. Sai tsohuwar ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ƙamar."

Muka ɗauka sunanta ne, muka yini muna ce mata Hajiya Ƙamar. Da ta gane kuskurenmu sai ta girgiza kai, ta faɗi sunanta na gaskiya, sannan ta miƙa hannu can nesa ta ce, "Biladi. Ƙamar." Ƙasata, in ji ta, Ƙamar. Mu kuwa ko jaririn Makka ya san ƙamar wata ne da Larabci.

Ana haka maƙwabciyarmu ta leƙo. Basakkwatiya ce, ba abin da ke wucewa a lungun ba ta sa baki ba.

"Mi tac ce? Daga ina take?"

Inna ta ce, "Ta ce daga wata take."

"To mun sani, wata ƙasa. Wacce?"

"Ba wata ƙasa ba. Wata."

"Wata wa? Ke faɗi sunan matar mana!"

"Ba mace ba. Wata na sama."

Maƙwabciya ta yi turus. "Na azumi?"

"Shi."

Ta ja da baya har ta take mini ƙafa. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Ko dai zazzaɓin ya taɓa mata kai, ko kuma ba mutum kunka ɗauko ba. Kun duba ƙafafunta?"

Inna ta kore ta. Amma ni, ba zan ɓoye muku ba, da tsohuwar ta miƙe ƙafa sai da na saci kallo. Ƙafa ce ta mutane, da kaushinta. Na yi ta istigfari har magariba saboda mummunan zato.

Ga inda matsalar take, don matasan yanzu ba lalle su gane ba. A lokacin kowane alhaji yana hannun mutawwif ne, mutumin Makka da ke saukar da shi, ya yi masa jagora, ya riƙe takardunsa har ya sa shi a hanyar gida. Su kuma mutawwifai bisa ƙasashe suka raba alhazai: wannan na mutanen Jawa, wancan na ƙasar Hindu, wancan namu na Takari, wato mu baƙaƙen yammacin Afirka. In alhaji ya ɓata, sunan ƙasarsa ne ke mayar da shi. Wanda ba a san ƙasarsa ba, ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa masa.

Muka kai maganar wurin shehin unguwarmu. Dattijo ne mai haƙuri, ya zo da kansa, ya sa aka kirawo Bafulatani, aka kirawo Babarbare, aka kirawo Bazabarme da wani mutumin Wadai. Kowa ya tsuguna ya gwada yarensa. Tsohuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ƙamar."

Shehi ya shafa gemu ya ce wa Inna, "Yawancin alhazai sun tafi Madina ziyara. Da sun juyo, Jidda za su wuce su hau jirgin ruwa. In har lokacin ba wanda ya neme ta, sai dai a kai ta ribaɗi." Ribaɗi gida ne da ake ajiye tsofaffin da ba su da kowa.

Inna ta raka shi ƙofa, ta dawo ta zauna. Can ta ce, "Na san matan ribaɗin nan. Rabinsu haka suka fara. Ni da ƙafata na zo, na zauna da yardata, amma har gobe in na ji ƙamshin daddawa sai gida ya faɗo mini a rai. Ita wannan ba ta zaɓa ba." Ta dube ni. "Kai kake shiga gidajen mutawwifai da ruwa. Ka tambaya."

"Inna, in ce musu me? In ce daga wata take, na yi ƙarya. In ce ta haukace, na yi mata ƙazafi."

"To ka ce abin da ta ce."

Haka na yi ta juya jumlar a raina har na samu wadda ba za ta kama ni ranar lahira ba. Duk ƙofar da na je sai in sauke garwa, in gyara murya, in ce da Larabci, "Akwai wata tsohuwa a wurinmu da ta ɓata. Ta ce, ita ta ce ba ni ba, wai daga Ƙamar take. Wa ke riƙe da mutanen can?"

Yaron mutawwif na farko ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni yadda suke kiran Takari, ya ce, "Ya Takruni, mutawwifinsu da tsani yake hawa, yanzu ya fita." A gida na biyu aka ce in dawo ranar sha huɗu ga wata, lokacin ne suke cika. A na uku wani ya leƙa sama ya ce alhazan ba su iso ba tukuna, ana jiran a ga jinjiri. Akwai wani magatakarda da bai yi dariya ba, ya tambaye ni, "Baƙa ce?" Na ce e. Ya ce, "To taku ce ai. Ku riƙe abarku." Wannan ta fi dariyar yi mini ciwo, ko da yake a lokacin ban san dalili ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne abokina. Tare muka tashi, yana aiki a wata gahawa, inda maza ke zama shan shayi. Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo. Na yi kuskuren ba shi labari, washegari na zo wucewa na hango shi tsaye tsakiyar mutane, ya saɓa tsintsiya a kafaɗa kamar sandar garuwa, ya marairaice fuska yana cewa, "Ita ta ce, ba ni ba!" Mutane har da riƙe ciki. Kafin mako ya zagayo labarin ya bar Misfala, ya shiga gahawoyin wasu unguwanni. Yara suna bina suna kiran "mutawwifin wata".

Na tare shi na ce, "Ka ji tsoron Allah. Giba kake yi da ni."

Ya ce, "Giba a bayan ido ake yi. Zo ka zauna a gaba, in ba ka shayi kyauta."

Na yi fushi, na daina bi ta ƙofar gahawar. Na kuma so in daina tambayar gaba ɗaya. Amma duk sanda na shigo gida sai in tarar da tsohuwar a bakin ƙofa tana taya Inna ɓarar gyaɗa, fuskarta na kallon lungu. Duk namijin da ya gifta sai ta ɗaga kai. Ta riga ta nuna wa Inna da hannu: ta dafa cikinta, ta ɗaga yatsa ɗaya, sannan ta ɗaga tafi sama da kanta. Ɗa ɗaya, dogo. Kullum da safe takan ɗaure ɗan ƙullinta ta ajiye kusa da ƙafa, da yamma ta kwance. Wanda yake ganin wannan ba ya iya cewa ya gaji da dariyar yara. Sai in sake saɓa sanda in tafi wata ƙofar.

Aka fara cewa motocin Madina sun juyo. Na daina jin ɗanɗanon abinci.

Ranar nan da hantsi ina layi a bazan, sai ga abokina yana haki, ba dariya a fuskarsa. Bayansa wani dogon mutum ne da hula mai ɗinki, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Ina cikin kwaikwayonka, kowa na dariya, sai wannan ya damƙe mini hannu kamar zai karya. Ya ce a can wata unguwa ya ji ana ba da labarin, ya yi ta bin gahawa gahawa yana tambayar inda aka samo shi, har ya iso kaina."

Mutumin ya matso. Larabcinsa a karye yake amma ana ganewa. Ya ce, "Kai ne mai neman mutanen Ƙamar?"

Na ce, "Ita ta ce, ba ni ba."

"Tana da rai?"

Ko a nan sai da ciwona ya motsa. Na ce a raina, in macuci ne fa? In na miƙa amanar Allah ga wanda ba nata ba? Na ce masa ba zan faɗi komai ba, ya biyo ni, ita za ta faɗa. Na bar garwata a layi, abin da ban taɓa yi ba.

Muna shan kwanar lungunmu ta ɗaga kai kamar kullum. Faifan gyaɗa ya kife. Na zaci kuka za ta yi. Ina! Ta miƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta cim masa, ta dinga dukan ƙirjinsa da 'yan hannuwanta tana zazzaga masa masifa da yarensu. Shi kuwa ƙaton mutum ya durƙusa ya rungume ƙafafunta yana kuka kamar yaron goye.

Na raɗa wa Inna, "Ta yaya za mu tabbatar ɗanta ne?"

Ta ce, "Kai, rufe mana baki. Wannan faɗan ba ya bukatar tafinta."

Da aka natsu aka dafa shayi, lungun ya cika, har da maƙwabciyarmu a sahun gaba. Ya ba mu labari. A turmutsitsin dawowa daga Mina hannunta ya suɓuce masa. Da ayarinsu zai tafi Madina ya ƙi binsu. Ya je asibiti, ya je wurin masu haƙar kabari yana kwatanta ta. Bai taɓa tunanin shigowa unguwar Takari ba. Mutawwifinsu kuma ashe na mutanen Zanzibar ne da gaɓar can, a cikinsu aka haɗa su don ba su da yawa. Ni ban taɓa kai ruwa gidansa ba. Ya ce jibi jirginsu zai tashi, kuma ya riga ya yanke ba zai hau ba.

Ni abin da ke cina daban ne. Na ce, "Ɗan'uwa, don Allah cire ni daga wani hali. Na zaga Makka ina cewa Ƙamar. Akwai ƙasa mai wannan suna, ko ƙarya na yi ta yaɗawa?"

Ya yi dariyar farko tun zuwansa. Ya ce akwai. Tsibirai ne a teku, can kudu da Zanzibar, ƙasar kwakwa da ruwan sama. Larabawan jiragen ruwa ke ce musu Juzurul Ƙamar, tsibiran wata. Shi ma a jiragensu ya yi aiki, a nan ya tsinci Larabcinsa.

Maƙwabciya ta ce, "To don mi? Watan can ya fi namu girma?"

Ya ce wata ɗaya ne. Ya ji matuƙa suna musu a kan sunan. Wasu sun ce don hasken wata a kan ruwan ne. Wasu sun ce asali ba ƙamar ba ne, Ƙumur ne, kuma wani babban tsibiri da ke gaba da su ake kira haka a da, sunan ya zame ya faɗo kansu. Wani tsohon matuƙi kuma ya ce masa sunan wasu fararen tabo ne a sararin kudu, kamar gajimare, da ake bi da dare a gane hanya.

Tsohuwa ta ja rigarsa tana son jin me ake cewa. Da ya fassara mata sai ta yi tsaki, ta yi wata doguwar magana tana kwatanta abu mai tsini da hannu. Ya ce wai duk surutun matuƙa ne. A tsibirinsu akwai dutse mai aman wuta, kuma a wurin tsofaffinsu sunan daga kalmar wuta ya fito a yarensu, ba ruwansa da wata.

Na ce, "To wanne ne daidai?"

Ya ce, "Allahu a'alamu."

Ban ji daɗin amsar ba, ni da nake son komai ya zauna a ma'auni. Inna ce ta yi tambayar da ta fi tawa. Ta ce a tambayi tsohuwar, ita da bakinta, in tana gida, me take kiran ƙasarta.

Tsohuwa ta dubi Inna, fuskarta ta saki. Ta ce, "Ngazija." A hankali ta faɗa, kamar mai kiran sunan ɗa.

Ɗan ya sunkuyar da kai. Ya ce laifinsa ne. Tun a jirgi ya yi ta koya mata cewa in ta ɓata kada ta ce Ngazija, ba wanda ya san shi, ta ce Ƙamar, shi Larabawa suka sani. Ita kuma ta riƙe abin da ɗanta ya ce, ko da ta ga ana ja da baya ana kallon ƙafarta.

Inna ta ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Mu ma nan Takari ake ce mana. Shekarata nawa ina amsawa, ban taɓa ganin garin da ake kira haka ba."

Washegari muka raka su inda motocin Jidda ke lodi. Abokina ne ya ɗauki ƙullin, yana ta yi mini kallon in gode masa. Na gode masa, amma sai da na ce gibar tana nan a matsayinta. Tsohuwa da Inna suka riƙe hannun juna, kowacce na magana da yarenta, ba wadda ta nemi a fassara. Da ta zo kaina ta sa na sunkuya, ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo. Amin kawai na gane, na yi ta faɗa.

Yanzu na tsufa, lungun nan ma babu shi. Tsibiran sun zama ƙasa mai kanta, jikokina suna nuna mini ita a taswira, Komoros, 'yan ɗigo a cikin shuɗi. Na yi ta tunanin abin nan. Na ɗauka tambayata ce za ta samo mata ɗanta, saboda na tsara ta da kyau ba ƙarya a ciki. Ashe dariyar da aka yi mini ce ta yi tafiyar da ƙafata ba ta kai ba. Har yau ban san yadda zan auna wannan ba. Abin da dai na riƙe shi ne, in baƙo ya gaya mini sunan garinsu, sai in sake tambaya: ku a gida me kuke ce masa? Sau da yawa amsar daban ce, kuma fuskar mutum takan canja in zai faɗi ta biyun.

Abu ɗaya ne bai bar ni ba. Ban taɓa jin ko sun isa ba. Teku ce, ga tsufa, ga jikin da bai gama warwarewa ba. Shekara da shekaru, duk hajji in na ga mai hula irin ta ɗan tsohuwar sai in matsa in ce, "Ngazija?" In ya amsa, in faɗi sunanta. Wani ya taɓa yi mini dariya ya ce rabin matan tsibirin sunansu ke nan.

Na kawo wa Inna wannan damuwar tana kwance a ciwonta na ƙarshe. Na ce, "Inna, in jirgin bai kai ba fa?"

Ta buɗe ido ta ce, "Ɗan nan, a hannun ɗanta ka bar ta. In ta isa, ta isa gida. In ba ta isa ba, da wanda zai kira sunanta daidai a kusa. Gyara mini matashin nan."